Allurar Fatihu Garba

Karo na huɗu ke nan Hureira tana ɗaga labulen tagar kicin, shayin da ta haɗa kuwa tuni ya huce. Daga hawa na bakwai ana ganin farfajiyar gidajen nasu tas, tun daga rumfar masu gadi har zauren taron da ke tsakanin ginin gaba da na baya. Farar mota ɗaya ta shigo tun bakwai da rabi. Yanzu ga ta biyu, babba, ba ta da taga a baya.

"Wannan ba ta yi mini kama da motar asibiti ba," ta ce.

Mijinta Tajuddeen yana zaune a kan dadduma yana matse yatsa a na'urar awon suga. Bai ɗago ba. "Da me ta yi miki kama?"

"Da irin wadda ake zuba mutane a ciki."

"Akwatunan ƙanƙara suke saukewa, Hureira. Daga nan ina jin ƙararsu."

"Su ma mutanen unguwar Masjid India ai da fararen kaya aka je musu."

Ya ci gaba da awonsa. Duk baƙon da ke Kuala Lumpur yana tune da bara, lokacin da aka zagaye wasu gine-gine a can da waya mai ƙaya saboda annoba, aka gama gwaji, daga baya aka zo aka jera waɗanda takardunsu suka mutu aka wuce da su. Takardar zaman Tajuddeen kuwa wata biyar ke nan da mutuwarta. Ta Hureira ta karatun digiri na uku an sabunta, tasa ta mai rakiya ta maƙale a ofis lokacin kulle, yana kwance da rashin lafiya wa'adin sassauci ya wuce. Tun daga nan iyakarsa bakin ƙofa. Ga ciwon suga, ga cutar ta shigo ginin, makon jiya aka fita da wani dattijo daga hawa na tara bai dawo ba. Babbar cibiyar rigakafi ta Bukit Jalil ana hango rufinta daga tagarsu, amma masu kaki sun fi masu allura yawa a ƙofarta.

"Ke dai kin rubuta sunana, ko?" ya ce.

"Na ce maka na rubuta."

"To shi ke nan. Idan aka kira ni ki buga mini."

Ta juya ta shiga wanke kofin da ba a sha komai da shi ba.

Duk wannan aikin mutum ɗaya ne ya haddasa shi, wani ɗan siririn Bajapane mai suna Morishita. Jami'i ne a ofishin jakadancin ƙasarsu, aikinsa zirga-zirga tsakanin ƙananan hukumomi da Japanawan da ke zaune a nan, kuma ginin gaba cike yake da tsofaffinsu 'yan fansho da suka zo neman rana da arha. Mako uku da suka wuce ya sa manajan gida ya haɗa shi da shugabannin ɗaliban Najeriya na ginin baya. Bala shugaba ya je, Hureira sakatariya ta bi shi. Suka tsaya a wurin ajiye motoci, kowa da takunkumi. Mutumin ya rusuna, ya miƙa katinsa da hannu biyu, sannan ya buɗe baki.

"Ina kwananku? Kun tashi lahiya? Ina gajiya?"

Saura kaɗan wayar Bala ta faɗi ƙasa. Morishita ya ce yana saurayi ya yi shekara biyu a wani ƙauye kusa da Maraɗi wajen aikin rijiyoyi. Ya ce ya samu ofishin lafiya na gunduma sun yarda su kawo allura har zauren gida, yana son suna kamar yadda yake a fasfo, da lambar fasfo, da lambar ɗaki, da ciwon da mutum yake da shi.

"Ku me za ku samu?" in ji Bala, wanda bai iya kwana-kwana ba.

Morishita ya dubi Bala. "Mota ba ta zuwa sai da mutum sittin," ya ce. "Tsohwahina talatin da takwas ne."

Amsar ta yi kyau, kyawunta ne ma ya dame su. Suna hawa lif Bala ya ce, "Dakta, kin taɓa ganin Bajapane da Hausar Maraɗi? Wannan horar da shi aka yi. Lambar ɗaki fa ya ce. Allura tana hawa bene ne?" A daren farko aka yi ta muhawara a gurup ɗin ɗalibai na waya, washegari Bala ya yanke hukunci. Mai takarda da rai ya ba da sunansa. Wanda tasa ta mutu, a sa sunan wani daga cikin ɗaliban da suka koma gida kafin kulle, don lissafi ya cika. Ranar allura a zuba ido, in an ga babu tarko, mutum ya sauko ya shiga gurbin. Kowa ya yaba da wannan hikima, ba wanda ya tambayi yadda za a shiga gurbin.

Tajuddeen kaɗai ya ƙi. Ya ce ya gaji da ɓuya, a sa sunansa, abin da Allah ya rubuta ba ya wuce ranarsa. Hureira ta ce to. Da ta zauna cike takardar, hannunta ya ƙi. Ta tuna 'yarsu Mubina, ta tuna jerin mutanen da ta gani a bidiyo zaune a kan titi, sai ta rubuta Fatihu Garba, wani ɗalibi da ya tafi Gombe hutu tun bara hanya ta rufe masa. Ta sa lambar tsohon ɗakinsa, a gaban sunan kuma ta rubuta ciwon suga. Tana son mijinta, shi ya sa ta yi masa ƙarya, kuma ƙaryar ta hana ta sakat tun ranar.

Ƙarfe tara ta sauka. An jera kujeru nesa da juna, an manna jan tef a ƙasa, fankoki suna kaɗa warin man wanke hannu. Tsofaffin Japanawa sun zauna shiru da hulunansu a cinya, kamar masu jiran a ɗauke su hoto. A bakin ƙofa ga maza biyu cikin koren kaki. An ce mata 'yan sa-kai ne masu tsara layi, amma ita takalmansu ta kalla, ta ga irin na sojoji ne.

Bala yana jingine da ginshiƙi, hannun rigarsa a naɗe, ga auduga manne a damtse. Mutumin da ya fi kowa zargi shi ne na uku a layi, tunda takardarsa sai baɗi za ta mutu.

"Kin ga abin da yake yi?" ya ce a hankali, ya nuna da haɓa.

Morishita yana tsaye a gaban teburin rajista da kwalin robobi, irin waɗanda ake ɗaure ƙunshin abinci da su a kedai, wato shagunan abinci. Duk wanda ya zo sai ya karɓi fasfonsa da hannu biyu, ya buɗe shafin hoto, ya haɗe sauran shafukan ya zagaye su da roba sau biyu, sannan ya miƙa wa mai shi.

"Alama ce," in ji Bala. "Yadda ake shafa wa tumaki fenti a kasuwa. Ni dai na cire tawa ina fitowa."

Da layi ya zo kanta, Morishita ya gaishe ta, ya tambayi mutanen gida, ya ɗaure nata fasfon shi ma. Nas ta duba suna, ta duba hoto, ta soka mata allura kafin ta gama bisimilla. Aka ba ta kujera kusa da tebur don ta taimaka da sunayen 'yan ƙasarsu. Daga nan take ganin komai, kuma komai ya zame mata shaida. Ya ɗauki hoton zauren daga baya, ta ce ga shi nan. Ya fita waje ya yi waya da harshen Malay, ya daɗe, ta ce rahoto yake bayarwa. Ya rusuna wa shugabar tawagar, wata mace mai shuɗin kallabi da ake kira Puan Zaleha, ta ce ai dama bakinsu ɗaya.

Wayarta ta yi ƙara. Tajuddeen ne. "Ba a kira ni ba har yanzu?"

"Da saura, Abban Mubina. Kada ka sauko sai na ce."

Tana kashewa aka kira sunan a lasifika. "Fatihu Garba." Nas ta sake kira, ta duba zaure, ta wuce na gaba. Hureira ta duƙufa kan takardun gabanta kamar mai neman wani abu.

Wajen sha ɗaya da rabi ta ga inuwa a kan tebur. Morishita ne, ya tsaya taku biyu daga gare ta.

"Malama, Fatihu lahiya? Sau ukku munka kira shi."

"Ina jin barci yake yi."

"Shi ne kinka rubuta shina da suga. Don haka na sa shi cikin na hwarko." Ya duba agogo. "Na hau na ƙwanƙwasa ɗakinshi, ba a buɗe ba. Mai suga in ya yi shiru haka, ni tsoro nike ji. In kin yarda mu nemo mabuɗi wajen manaja."

Ashe har ya hau. Ta ce a zuciyarta, to ga amfanin lambar ɗaki ya fito. "A'a, Yallaɓai, kada ka wahala. Zan neme shi a waya."

Ya rusuna ya koma wajen robobinsa. A lokacin aka turo wata tsohuwa daga ginin gaba a keken marasa lafiya, 'yar ƙarama, gashinta fari fat. Ta riƙe jan fasfonta da hannu biyu a ƙirji, ta ƙi sakinsa. Morishita ya durƙusa a gabanta, ya yi mata magana a hankali da yarensu, ya daɗe yana yi. Da ta saki, ya ɗaure shi da roba, ita kuma ta bi robar da ido har aka gama mata. Hureira ta san wannan kallon. Shi take gani a idon mijinta duk lokacin da aka ƙwanƙwasa musu ƙofa.

Ta miƙe ta same shi a gefen ƙofa. Ta gaji da zargi a ɓoye, gara ta ji daga bakinsa.

"Yallaɓai, don Allah robar nan ta mece ce?"

Ya dubi masu koren kaki, ya matsa gefe, ta bi shi.

"Sati biyu ina zuwa ohishin Puan Zaleha," ya ce. "Ta ce ita likita ce, ba ta neman takardar zaman kowa, amma abin da idonta ya gani dole ta rubuta. Na ce to in bai gani ba? Ta ce shahin hoto ya ishe ta, in dai sunan na cikin jerin da munka ba ta."

"Shi ne kake ɗaure na kowa?"

"In na ɗaure na mutum ɗaya, na nuna shi ke nan."

"Me ya sa ba ka gaya mana ba tun farko?"

"In na ce muku akwai wannan shiri, za ku tambaye ni don wa na yi shi. Ba ni da izinin hwaɗin sirrin wani." Bai kalli wajen keken tsohuwar ba, ita ma Hureira ta kawar da kai.

Kunya ta rufe ta, sai kuma murna ta biyo baya ta ture kunyar. Ba ta jira lif ba sai da ta kai hawa na biyu numfashi ya gagare ta, sannan ta shiga lif. Ta shiga ɗaki tana haki.

"Tashi, Abban Mubina. Ɗauko fasfo. Babu komai, wallahi babu komai."

Ya saka farar riga da hula kamar mai zuwa Juma'a. A cikin lif ya yi ta gyara takunkumi, yana ɗan murmushi da ido. Rabon da ya taka farfajiyar nan tun watan Maris. Ita kuwa a lif ɗin ne abin da ta manta ya dawo mata, ta buɗe baki za ta faɗa, ƙofa ta buɗe.

Zaure ya kusa watsewa. Morishita ya karɓi koren fasfon da hannu biyu, ya yi masa barka da zuwa, ya ɗaure shi da roba. Nas ta karanta suna, ta bi jerin da yatsa daga sama har ƙasa, ta sake bi daga ƙasa.

"Babu wannan sunan."

"Akwai," in ji Tajuddeen da fara'a. "Ki duba wajen masu suga. Matata ce ta rubuta."

"Mai suga ɗaya ya rage. Fatihu Garba."

Ya juyo ya dubi Hureira. Ba ta iya ɗaga kai ba.

"Gurbinka ne," ta ce da Hausa, muryarta can ƙasa. "Ni na sa sunan Fatihu a madadin naka."

Morishita yana tsaye kusa, ya ji kowace kalma, kuma a karo na farko ta yi fatan da bai iya Hausa ba. Ya je ya yi magana da Puan Zaleha. Suka daɗe, shi yana rusunawa, ita tana nuna masa allon kwamfutarta tana girgiza kai. Daga baya ta taso da kanta da wata takarda mai shafi biyu.

"Allura ɗaya ta rage, an riga an zuƙe ta, ƙarfe ɗaya za ta lalace," ta ce. "Ba zan yi masa da sunan wani ba, katin zai fita da sunan wancan, shi kuma ya rasa nasa har abada. Amma boleh, wato akwai hanya, zan iya yi masa a matsayin wanda ya zo daga baya. Sai dai ya cike wannan fom, a haɗa da hoton fasfo, kowane shafi."

Ta ajiye takardar a tebur ta koma gefe, kamar mai ba su wuri da gangan.

"Ina takardar take zuwa?" Tajuddeen ya tambayi Morishita.

"Ba ta tsayawa wurin Puan Zaleha. Wani ohishi take tahiya, ban san wa ke karanta ta ba." Ya sauke murya. "Alkawarin da na samu na mutanen cikin jeri ne. Wannan ba ya ciki. Wataƙila ba abin da zai hwaru, amma ba ni iya ce maka ka cire robar."

"Idan motar ta dawo fa?"

"Bayan sati ukku, ga waɗanda anka yi ma ta hwarko kaɗai. Zan roƙa. Ban yi maka alkawari ba."

Tajuddeen ya tsaya da fasfon a hannu, babban yatsansa a kan robar. Hureira tana so ta ce ya cire, tana so ta ce kada ya cire, ta kuma san yau ba ta da bakin cewa ko ɗaya. Agogon bango ya nuna ɗaya saura minti goma sha biyu. Ya dubi takardar, ya dubi masu koren kaki da ke naɗe tef a bakin ƙofa, sannan ya saka fasfon a aljihun gaban rigarsa.

"Na gode, Malam. Allah ya saka da alheri. A ba wani kada ta lalace."

Aka kira maigadin ƙofa, wani ɗan Nepal da takardunsa suke daidai. Ya cike fom ɗin a tsaye, ya naɗe hannun riga yana washe baki. Morishita ya raka su har bakin lif, ya rusuna ƙasa sosai, ya ce laifinsa ne da bai yi bayani yadda ya kamata ba. Wannan ban haƙurin ya fi mata zagi ciwo.

Suka koma hawa na bakwai. Tajuddeen ya cire hula ya rataye, ya cire farar rigar ya ninke ta a hankali, ya koma kan daddumarsa. Ita ta tsaya a bakin kicin, damtsenta ya fara nauyi.

"Abban Mubina, tsoro na ji."

"Na sani."

Wayoyinsu suka yi ƙara tare. Saƙon murya ne daga Bala a gurup. Tajuddeen ya danna, muryar ta cika ɗakin.

"Assalamu alaikum jama'a. Alhamdu lillahi, motoci sun fita, ko mutum ɗaya ba a taɓa mana ba. Kun ga amfanin taka-tsantsan. Da mun zuba musu sunaye yadda suka so, da yanzu wani labarin ake yi. Jinjina ta musamman ga sakatariyarmu, Dakta Hureira, ita ta riƙe mana sirrin nan har ƙarshe."

Saƙon ya ƙare. Tajuddeen ya kife wayar a kan dadduma, ya jawo na'urar awon suga, ya zaro sabon tsinke.

"Ki amsa masa," ya ce. "Yabonki yake yi."